Fa'izu Mai Warkewa Kasuwa-Kasuwa

Taubashina Fa'izu ya warke daga ƙurajen fuska a kasuwar Talata Mafara, a gaban jama'a, ana ta kabbara. Ya sake warkewa a Jangebe. Ya warke a Damaga, har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Duk wannan warkewar kuwa, ko ƙurji ɗaya bai bar fuskarsa ba. Ni da ke ba ku labarin ina wurin a mafi yawansu, a tsugune bayan kwandunan tumatir da tattasai, don sana'ata ke nan, kuma kasuwannin da yake warkewa su nake ci.

Ɗan Gwaggo Inno ne, ƙanwar babana da ke aure a Kaya. Samarinta biyu, Manu babba, Fa'izu na bi masa, kuma Allah ya yi su kamar an tsaga kara. Tsawo ɗaya, wushirya ɗaya, har tafiyar nan ta karkata kafaɗa iri ɗaya ce. Suna yara Gwaggo takan zane wanda bai yi laifin ba, in ya kawo ƙara ta ce ya riƙe, ai gobe zai yi nasa.

Bambanci ya shigo ne suna makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya. Manu ya balaga da fuska sumul, ko tabo babu. Fa'izu kuwa ƙuraje suka yi masa rubdugu, goshi da kumatu da haɓa har bayan wuya, wannan na nuna wancan na tasowa. 'Yan ajinsu suka laƙaba masa Mai-Tsaba, ni ma da shi nake kiransa har gobe, tunda tsiya ce gaisuwarmu ni da shi. Abin da yaron nan bai shafa ba sai wanda bai ji labarinsa ba: man goge baki, lemun tsami, toka, sabulun salo, dakakken ganyen dogon yaro. Gwaggo ta hana shi gyaɗa da ƙuli-ƙuli da man shanu. Wani wanzami ya ce jini ne ya yi masa yawa, ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ba abin da ya ragu sai jinin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutane ba su san wane ne Fa'izu ba. A cikin gida ba wanda ya kai shi baki. Zai kwaikwayi muryar ladanin unguwa, da mai shelar hakimi, da Gwaggo tana faɗa da akuya, sai ka riƙe ciki. Amma da ya taka ƙofar gida sai ya zama kurma, ya ja hula har gira, in an gaishe shi ya amsa wa ƙasa. Da suka gama makaranta suka koma noman rani, dankali da albasa, ranar Talata su kawo Mafara su sayar. Manu ke ciniki, shi yana daga baya yana gadin buhuna.

A nan suka haɗu da Malami Dakta. Ban taɓa son mutumin nan ba, kuma ba zan fara yau ba. Mai tallar magani ne, da akwalar mota mai lasifika biyu a kan rufi, kullum kuma gab da kwandunana yake fakawa, sai in koma gida kunnena na amsa kuwwa. Yana ɗora farar rigar likitoci a kan kaftani, ya rataya abin auna ƙirji a wuya, abin da ban taɓa ganin ya sa a kunne ba. Amma gaskiya ɗaya ce, Allah ya ba shi baki. In ya kama makirufo, mai lafiya ma sai ya fara laluba jikinsa ko akwai inda ke ciwo. In ya gaji ya saki tallar da ya naɗa a katin memori, ita kuma ba ta gajiya. A shekarar ya tura maganin basir da na shawara gefe, ya fito da sabon kaya, wani kafso da ya ce na ƙurajen fuska ne.

"Ina samari, ina 'yan mata?" haka yake farawa. "Wanda madubi yaz zame mishi abokin gaba, shi matso kusa. Ƙwayag ga ba ta san ƙurji ba, ba ta san tabo ba. Ka sha yau, ka sha gobe, jibi in ka shiga gida uwarka ta tambaye ka ɗan wa na kai."

Wata Talata Fa'izu ya baro buhuna ya tsaya can bayan taro yana saurare, baki a sake. Manu na gefensa yana shan rake. Malami na tsakiyar zuba sai idonsa ya faɗa kansu. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sake duban wannan, sai magana ta tsaya masa cak. Ranar kaɗai na taɓa jin lasifikar nan ta yi shiru da rana tsaka. Ya yafito su bayan mota, na miƙa wuya ina kallo, na san dai ba alheri ba ne.

Tsarin da ya kawo musu mai sauƙi ne. Fa'izu zai fara bayyana a kasuwa, a kira shi daga cikin taro kamar ba a san shi ba, a nuna wa jama'a fuskarsa, ya haɗiyi kafso a gabansu. Bayan kasuwa biyu sai Manu ya zo cikin rigar Fa'izu da hularsa, da sunan Fa'izu, ya yi godiya. Sharaɗi ɗaya ne, kuma Malami ya nanata shi: duk garin da Fa'izu ya warke, ba zai sake shigarsa da fuska a buɗe ba. Kaya da Maradun kuwa ba za a taɓa su ba, don a can an san Inno samari biyu gare ta. Na ce wa Fa'izu kada ya yarda. Ya ce ni mai tumatir me na sani, shi ai riba biyu zai ci, ga sallama ga magani kyauta.

Ranar farko a Mafara ba zan manta da ita ba. Fa'izu ya sa wata riga ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido da jar hula, don kowa ya riƙe kamanninsa. Malami ya nuna shi da yatsa, ya yi ta noƙewa, mutane suka tura shi gaba. Aka ɗora shi kan but ɗin mota, Malami ya kama haɓarsa yana juya ta gabas da yamma, mata na salati. Sai aka miƙa masa makirufo. To a nan fa Fa'izun cikin gida ya fito. Ya karya murya ya ce shi ko akuyar gidansu in ta gan shi kawar da kai take yi, ya ce mai hoto ya taɓa roƙonsa ya juya baya, ya ce sauro ma shawagi yake yi ya rasa wurin sauka. Kasuwa ta kwashe da dariya, wasu kuma na share hawaye, duk a lokaci guda. Ya ɗaga kafson sama, ya yi bisimilla, ya kora da ruwan leda.

Bayan kasuwa biyu, ana tsakiyar talla, sai ga ruwan ɗorawa da jar hula na keto taro da gudu. Manu ya zube ya rungume ƙafafun Malami, ya ɗago fuska tana sheƙi. Wallahi ni da na san komai sai da tsigar jikina ta tashi. Wuri ya kaure da kabbara. Masu awon hatsi suka bar mudu, mahauta suka taho da wuƙaƙe a hannu, wani dattijo ya shafa kumatun Manu ya shafa a nasa. Hannaye suka yi sama, kowa na kiran a miƙo masa, har wanda fuskarsa ta fi ta Manu santsi. Kafin azahar ko kwalin banza bai rage a motar ba. Mutanen Kaya da ke wurin sun gane, amma suka danne dariya suka yi shiru, ba wanda ke son ya tona ɗan garinsu a kasuwar wasu.

Fa'izu kuwa yana can bayan wata motar itace yana leƙe, da hular kwano a ka da takunkumin nan da ya rage tun zamanin korona. Yana ta tsalle yana murna kamar ƙungiyarsu ta ci ƙwallo. Bai lura ba cewa daga ranar babbar kasuwar yankinmu ta haramta gare shi.

Abin ya karɓe su. Malami ya shiga tattalin ƙurajen nan fiye da yadda nake tattalin tumatirina. Ya hana shi sabulu mai ƙarfi, ya riƙa saya masa gyaɗa da ƙuli-ƙulin da Gwaggo ta hana, in ya ga wani ƙurjin ya nuna sai ya ce kada a matse shi sai bayan kasuwa. Fa'izu ya zama shi ke tsara wasan. Shi ya koya wa Manu inda zai yi tuntuɓe da inda muryarsa za ta sarƙe, shi kuma ya riƙa ƙirƙiro wa Malami sababbin kalaman talla. Gwaggo an ce mata dakon kaya suke yi wa wani likita. Ranar da wata maƙwabciya ta fesa mata gaskiya, ta ce ita dai biyu ta haifa, ba ta san ranar da kasuwa ta mayar mata da su ɗaya ba. Ta yi faɗa har ta gaji, ba wanda ya fasa.

Aka yi Jangebe, aka yi wasu ƙananan kasuwanni. Kowace nasara na rufe wa Fa'izu gari guda. Ga shi dama hanyoyi da yawa ba su biyuwa yanzu, ba sai na faɗa muku dalili ba, don haka garuruwan da mutum ke iya zuwa ba su da yawa. In zai raka ni Mafara sai ya naɗe kansa tsaf, gumi na bin takunkumi, ƙurajen na ƙara hasala. Manu kuwa yawo yake yi da sunansa, ana tsayar da shi ana doguwar gaisuwa, ana tambayarsa ya ƙarfin jiki. An ɗaura auren wani abokin Fa'izu a Jangebe, Manu ne ya je ya ci shinkafar.

Duk wannan lokacin Fa'izu yana shan kafson da Malami ke ba shi da zuciya ɗaya, na kan mota da na tafiya gida, kullum safe ya tsuguna gaban madubin babur yana neman inda ya ragu. Sai ranar Damaga kafson ya fashe masa a baki kafin ruwa ya iso. Ya ce mini ya tsaya yana tauna yana tunanin ina ya san ɗanɗanon nan, sai ya tuna tuwon Gwaggo. Garin masara ne. Malami ke zazzage na ciki ya ɗura gari, musamman dominsa. Da taro ya watse ya tare shi, mutumin ko kunya bai ji ba.

"Kai yaro, in ka warke mi za mu ci?" in ji shi. "Huskag ga taka ita ta jarinmu. Ka yi haƙuri hal mu gama zagaye, ni da kaina za ni ba ka na gaske."

Fa'izu bai jira ba. Ya zari na gasken daga kwali ya riƙa sha a ɓoye, cikinsa ba komai, da maƙwarwar ruwa ɗaya. Cikin 'yan kwanaki ƙirjinsa ya kama wuta, ko koko ba ya wucewa sai da hawaye, ƙurajen kuwa suna nan daram. Ni na goya shi a babur zuwa asibiti a Maradun. Nas ɗin da ta duba shi mai fara'a ce, amma ba ta tauna magana. Ta ce maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma lallai likita kan rubuta irinsa ga mai ƙuraje masu tsanani, amma sai an duba mutum, kuma ana shan sa ne bisa ƙa'ida na tsawon makonni, da ruwa mai yawa. Ta ce ba a ba mai juna biyu, ba a ba ƙananan yara, kuma shan sa barkatai na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Sannan ta ce nasa ƙurajen suna da magani, in zai riƙa zuwa a fara.

Na ɗauka zai yi tsalle. Sai ya ce zai dawo. Na zage shi tas tun daga Maradun har Kaya. Da muka sauka ya ce mini tun da ya balaga, kan but ɗin motar nan ne kaɗai wurin da ake kallon fuskarsa ba ya jin kamar ƙasa ta tsage ya shige, kuma gidansu bai taɓa cin nama a kai a kai ba sai bana. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Bakura ce ta rage. Malami ya daɗe ba ya zuwa can saboda sun yi rigimar wurin fakawa da wani mai tallar, don haka ita ce kasuwa ɗaya mai girma da Fa'izu ke shiga da fuskarsa. Yakan biyo ni ya taya ni sauke kwanduna, na ɗauka zumunci ne, ashe awara ce. Kusa da tasha akwai wata yarinya mai suya, Hamdiyya, gajeruwa mai saurin magana, wadda ke juya awara da hannu ɗaya tana nuna wa ɗan kamasho yatsa da ɗayan. Ranar farko ta ce masa in ya ci gaba da zuba yaji haka, za ta koma sayar masa da yajin ta ba shi awarar gyara. Ya yi ta ba ni labarin nan har na haddace, abin da ya fi maimaitawa kuwa shi ne idonsa take kallo in tana magana, ba kumatunsa ba. Kafin wata ya zagayo ya fara yi mata muryar Gwaggo da akuya, tana dariya har mai na fallatsa. Bai ce yana son ta ba, ita ma ba ta ce komai ba, amma duk mai ido a tashar ya gani.

Sai Malami ya shirya da abokin rigimarsa, ya ce saura Bakura. Fa'izu ya roƙe shi ya bar masa gari ɗaya. Malami ya ce ya riga ya sari kaya, kuma wannan ce ta ƙarshe. Manu ma ya sa baki, ya ce ƙane ya daure, ai mata ba su ƙare a Bakura ba. Yaron nan bai iya musu da yayansa ba. Ya sa ruwan ɗorawa ya hau mota, ya yi wasansa, amma ranar ba armashi, idonsa na kan hayaƙin da ke tashi wajen tasha. Da ya sauko Hamdiyya ta zo da kanta, ta ce ba ta san abin na damunsa haka ba, ta yi masa addu'ar Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan. Ya amsa da amin. Ya san in Manu ya bayyana, shi da ganin ta sai dai daga cikin takunkumi.

Ranar da Manu zai bayyana Malami ya ce Fa'izu ya zauna a Kaya. Ina sauke kaya a Bakura sai ga mutum da hular kwano da takunkumi ya tsuguna tsakanin kwandunana. Na ce me ya kawo shi. Ya ce kallo kawai zai yi. Na ce to ya yi kallon ba tare da ya zauna mini a kan tattasai ba.

Hantsi ya yi, kasuwa ta cika maƙil. Malami ya saki lasifika, ya ce mutanen Bakura su ne shaida, da idonsu suka ga yaron nan. Sai ga ruwan ɗorawa na keto taro. Manu ya zube, ya ɗago fuska, wuri ya ɗauki kabbara. Amma Bakura akwai masu taurin kai. Wani mai sayar da igiya ya ɗaga murya ya ce shi fa bai yarda ba, wa ya san yaron, wa zai tsaya masa? Hannayen da suka tashi suka fara sauka. Na ga gumi ya keto wa Malami, raina ya yi fari ƙal.

Sai wata murya ta fito daga gefen mata. Hamdiyya ce, da matsami a hannu, ta baro kaskonta a kan wuta, fuskarta cike da murna.

"Ni na san shi," ta ce. "Kullum kasuwa wurina shika cin awara. Wallahi tallahi da idona nig ga ƙurajen, ga shi yau babu ko guda. In ƙarya nikai, Allah shi hana ni ciniki."

Shi ke nan. 'Yar gari, wadda kowa ya sani, ta rantse. Mata suka yi caa a kan motar, 'yan mata da tsofaffi masu saya wa surukai, Hamdiyya na ta cewa su saya, ita ce shaida. Ta matsa kusa da Manu tana yi masa barka, shi kuwa gogan bai ma san sunanta ba, sai washe baki yake yi. Fa'izu ya daɗe a tsugune, kansa cikin gwiwa, ina jin numfashinsa ta cikin takunkumi. Ciniki ya yi nisa, da yawa sun saya sun kama hanyar gida. Da ya ɗago sai ya ga wata mai tsohon ciki ta karɓi nata kwalin, ta ɗaure a bakin zane ta wuce.

Ya miƙe tsaye. Ya cire hular kwano ya aza mini a kan kwando, ya zare takunkumi ya yar. Na kama gefen rigarsa na ce ya san abin da zai biyo baya kuwa. Ya fizge ya nufi motar, bai yi gudu ba. Wanda ya fara ganinsa ya buɗe baki ya matsa, na gaba ma haka, hanya ta buɗe masa har gaban mota. Ya hau but, inda aka ɗora Manu ana nuna shi, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da yayansa. Ga Fa'izu biyu a kan mota, ɗaya sumul ɗaya Mai-Tsaba.

Sai mai igiya ya kwashe da wata irin dariya, daga nan kuma komai ya kacame. Kwalayen kafso suka fara tashi sama suna komawa inda suka fito. Malami ya yi tsalle ɗaya ya faɗa mota, farar rigar ta maƙale a ƙofa, ya fizgi motar, 'yan'uwan biyu suka diro. A gigice ya danna tallar kati, motar na gudu tana ta kiran samari da 'yan mata su matso kusa, su kuwa sun matso. Da kwalaye suka ƙare sai jama'a suka waiwayo kwandunana. Tumatirina masu kyau, na madatsar ruwan Bakalori, waɗanda na zaɓa da hannuna, da su aka raka Malami har bakin titi. Ina ihu ina karewa, da na ga ba za su tsira ba na ɗauki mafi nuna a ciki na jefa nawa, kuma ya samu gilashin baya.

Manu ya sha maruka kafin ya tuɓe ruwan ɗorawa ya shige rumfar sarkin kasuwa. Fa'izu kuwa ba wanda ya taɓa shi. An dai kewaye shi ana zagi, wasu na cewa shi ne babban munafukin, wasu na cewa ai shi ya tona. Bai tsaya ba, ya ratsa su ya nufi tasha, ni kuma na bi bayansa da ruwan tumatir har gwiwar hannu.

Hamdiyya na zaune gaban kaskonta. Awarar ta zama gawayi, ba ta ko sauke ba. Mata na wucewa suna yi mata kallon banza, wata ta ce mata sai ta zauna jiran abin da ta roƙa wa kanta. Ta ɗago ta dube shi, idanunta jawur. Ta bi goshin da kumatun da haɓar da kallo, a hankali.

"Wane na kai cikinsu?" ta ce.

"Ni na Fa'izu," ya ce. "Ni na wanda bai warke ba."

Ta ce ta rantse da Allah a kansa gaban garinsu duka, yana ji ya bar ta ta rantse. Ya ce haka ne. Ta ce da bakinsa ya amsa amin ranar da ta yi masa addu'a. Ya ce haka ne. Na jira ya kare kansa, mutumin da ya sa kasuwanni kuka da dariya. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne zancen nas ɗin Maradun, cewa kafson ba na mai ciki ba ne, ba na yara ba ne, kuma da idonsa ya ga wata mai ciki ta karɓa ta tafi.

Hamdiyya ta miƙe zumbur. Ta ce wannan ai Ikilima ce, matar yayanta, a gabanta ta saya, kuma ba ita kaɗai ba, akwai da yawa da suka wuce gida tun kafin rigima ta tashi, duk saboda rantsuwarta suka saya. Ta san gidajensu. Ta ce in ta je ita kaɗai ba mai sauraron ta, bakinta ya zube yau, sai dai su ga abin da idonsu. Ta watsa wa wutar ruwa, ta gyara hijabi, ta ce mini in kula mata da kasko, ko sunana ba ta tambaya ba.

Ta yi gaba, ya bi bayanta. Ba ta zagaya ta bayan rumfuna ba, ta tsakiyar kasuwa ta bi, inda ya fi cika, mutane na darewa suna kallon su. Ni kuwa ina tsaye gadin ƙonanniyar awara, kayana sun tafi a jifa, amma murna ta cika ni har ban san lokacin da na fara gaya wa 'yan kamasho cewa wancan taubashina ne ba. Sun kusa bakin lungu sai na ga kansa ya fara sunkuyawa. Hamdiyya ta waiwayo, ba ta ko rage sauri ba.

"Ɗaga kanka, Malam Fa'izu," ta ce. "Su gani da kyau."

Ya ɗaga, suka shiga gidan farko.